Yawon Buɗe Idon Malam Sani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka miƙa mini makirufo a bayan gidan Hajiya Rabi ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a mota ina tuƙi. Ranar ce bakina ya ƙarasa cinye mini amincin shekara goma sha ɗaya, a gaban mutum kusan hamsin, da rana tsaka, ga lasifika tana taya ni.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina. Ni mutum ce mai magana. A cikin 'yan Hausawan da muke zaune a nan garin Greensboro, a ƙasar Turawa, in ana son labari ya zaga gari ba sai an buga takarda ba, a gaya mini kawai. Mijina ma rediyo mai jini yake ce mini (a da dariya nake yi, ina ɗauka yabo ne). Ban taɓa ɗaukar kaina magulmaciya ba. A ganina ni mai raha ce, mai sa mutane nishaɗi a ƙasar da kowa ke kulle a gidansa daga aiki sai barci.

Aminiyata ita ce Binta. Tare muka yi goyon fari a ƙasar nan, ita ta riƙe hannuna a asibiti ranar da na haifi Khalifa, lokacin ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa a kusa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Aminiya take ce mini, ni ma haka. Mijinta Malam Sani mutumin Zariya ne, yana koyar da tarihin gine-gine a jami'a. Kakansa magini ne, irin masu yi wa bangon ƙasa zane da hannu, kuma da alama abin a jini yake, don Malam zai iya tsayar da mota a gefen titi don kawai ya kalli rufin wani tsohon coci. 'Ya'yansu biyu, Jidda da ƙaninta Faruk. Suna zaune a Pleasant Garden, gida mai fili har da bishiyoyi, unguwar da ko gishiri za ka saya sai ka tada mota.

Wata Lahadi Binta ta zo gidana ita kaɗai. Ta zauna a bakin kujera, mayafinta ma ba ta cire ba, tana ta murza makullin mota a hannu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni ban tambaya ba, saboda a ranar ina da zazzafan labari: an fasa auren 'yar wasu mutanenmu, kuma na san dalili. Na kwashe mata shi tas, har da kwaikwayon muryar uwar yarinyar. Sau biyu ta buɗe baki ta ce, "Aminiya, dama..." sau biyu ina cewa, "Tsaya ki ji ƙarshen." Da na gama sai ta ce, "Dama tafiya za mu yi. Mu duka huɗu. Za mu daɗe."

Na ce, "Gida?"

Ta ce, "A'a. Yawon buɗe ido. Malam yana son ganin tsofaffin fadoji da wuraren ibada na duniya. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, yaran kuma ni zan riƙa yi musu karatu a hanya."

Na yi dariya har da dukan cinya. Mu dai abin da muka sani, Bahaushe in ya ɗaura niyyar doguwar tafiya, to ko Makka, ko gida, ko fatauci, ko gaisuwar mutuwa. Amma a ce magidanci da furfura a gemu ya kwashi mata da 'ya'ya, kowa da jakar goyo a baya kamar 'yan makaranta, wai za a je kallon bango? Ranar da muka raka su filin jirgi na ga Binta, matar da akwati uku ba sa isarta zuwa biki, da jaka ɗaya a gadon baya da takalmin maza a ƙafa. Na ce mata, "Aminiya, ki dai tabbata buɗe ido ne, ba yawon duniya ba." Ta yi murmushi ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba. Na ɗauka kewata ce kawai.

Sai hotuna suka fara shigowa zaurenmu na mata a waya. Da farko ban ga aibu ba. Ga su a wata fadar sarakunan Turkiyya mai tayil shuɗi, ga su a Andalus cikin wata fada da aka sassaƙa wa bango rubutun Larabci tun daga ƙasa har sama. Na rubuta Masha Allah, har da alamar zuciya uku. Daga nan suka gangara Masar, suka shiga wasu ɗakunan bauta na mutanen Fir'auna. Sai Indiya, wata uku cur, daga jirgin ƙasa sai bas, suna kwana a ƙananan masaukai, Binta tana wanki a bokiti. Sai Kambodiya, inda saiwar bishiya ta naɗe wani tsohon gidan bauta kamar ta rungume shi.

A nan ne na lura da wani abu (kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da na riga kowa lura). A kowane hoto Malam Sani ba kallo kawai yake yi ba, shafawa yake. Tafin hannunsa a kan bango, yatsunsa cikin sassaƙa, fuskarsa dab da dutse kamar zai sumbace shi. A wani hoton ma idonsa a rufe, hannunsa a kan fuskar wani gunki da aka sassaƙa a jikin ginshiƙi. To ku gaya mini, mutumin da ya taso a inda muka taso, ya ga an rufe ido ana shafa dutse, me zai kawo a ransa in ba neman tabarraki ba?

Ban ce Malam ya bar addini ba, Allah shaida ne. Abin da na ce wa mata biyu a wurin wani suna shi ne, "Boko in ya yi yawa, sai addu'a." Na nuna musu hoton, na ƙara girmansa da yatsa. Kafin sati ya zagayo maganar ta yi ƙafa ta yi fukafuki, har wani dattijonmu ya buga wa Malam waya yana yi masa nasiha a kan shirka.

Akwai kuma wani ɗan bidiyo da Binta ta turo. Jidda ce a ciki, tana tsaye kusa da babanta a gaban wata ƙofa, tana zuba da Hausarta mai ɗingishi: "Baba, ƙofar ja ce, amma not like tumatir, kamar jan hularka ta Sallah. A sama akwai tsuntsu biyu, gold." Na tura wa wata ƙawata na rubuta, wai yarinya ce ke yi wa farfesa lacca. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kullum ta Allah sai na yi wa wani bayanin abin da ke gabansa saboda ba ya gani sosai. Amma ban gane ba. Rashin sani ya fi dare duhu, nawa kuwa har da taurin kai a ciki.

Binta ta kira ni daga can. Muryarta a sanyaye ta ce, "Aminiya, da gaske ke kika ce Malam yana shafa gumaka?"

Na ce, "Ni fa abin da idona ya gani na faɗa."

Sai ta ce, "Haka ne. Allah ya bar miki idonki." Na ɗauka baƙar magana ce, na ji haushi, na yi kwana uku ina ba da labarin yadda ta yi mini. Daga ranar hotuna suka daina zuwa. Na shiga kewarta sosai, in na dafa abin da take so sai in ji ba ya mini daɗi, amma girman kai ya hana ni kira. Na ce in ta dawo ma shirya, ai tsakanina da Binta ba a buƙatar ban haƙuri.

Sun yi shekara ɗaya da rabi. Da suka dawo ba su koma Pleasant Garden ba, sai suka kama ɗan ƙaramin gida a East Greensboro, dab da inda bas ke tsayawa, aka kuma ce Malam ya rabu da motarsa. Kun san abin da na ce? Na ce an cinye a yawo.

Hajiya Rabi, wadda ita ce uwa a gare mu duka a garin nan, ta shirya musu walimar barka da dawowa a filin bayan gidanta. Ni aka saba ba wa makirufo a kowane taro, don haka na kwana biyu ina tsara abin da zan faɗa. Niyyata, wallahi, sulhu ce. Na ce zan yi ta zolayarsu har Binta ta yi dariya, in ta yi dariya shi ke nan an wuce wurin. Na tashi da sassafe na soya masa, wadda na san tana so, da miyar taushe, abin da ya sa na makara. Ko da na iso kowa ya zauna, an fara cin abinci.

Na hango su a teburin gaba. Binta ta rame ta yi duhu. Malam yana zaune a miƙe cikin farar shadda, da baƙin tabarau a fuska. Na ga Jidda ta ajiye masa faranti ta ce, "Baba, shinkafa a dama, nama a hagu, ruwa yana gabanka." Na ce a raina, oh, an je an koyo sarauta a fadoji. Hajiya Rabi ta taso da sauri tana cewa, "Maman Khalifa, zo mana in gaya miki wata magana tukuna," na ce, "Hajiya, bari in sallami jama'a, yanzu zan zo." Na karɓi makirufo.

Na yi sallama, na yi wa kowa barka. Na zolayi takalmin Binta, aka yi dariya. Na ce Faruk ya tafi da Turanci ya dawo da yaren da ko shi bai san sunansa ba, aka ƙara dariya. Dariyar nan ita ta hau mini kai. Na juya wajen Malam na ce:

"To, Malam Sani, angon tafiya. Shekara ɗaya da rabi ana yawon buɗe ido. Muna fata dai idon ya buɗe? Ko buɗewar ce ta yi yawa har hasken Greensboro ya fi ƙarfinsa, aka sa mana baƙin gilashi kamar ɗan fim?"

Mata biyu uku suka fara dariya suka haɗiye ta. Ɓangaren maza kuwa tsit. Na hango mijina ya dafe kai da hannu biyu. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ɗauka wasan ne bai kai musu ba, na ce bari in ƙara gishiri. Na ciro wayata, na buɗe hoton nan na Kambodiya, na taka har gaban teburinsu, na kai masa ita saitin fuska.

"Malam, taimaka ka duba mana. Wane bawan Allah ne wannan yake shafa dutse ido rufe?"

Ya ɗago hannu zai karɓa. Hannun ya wuce ta gefen wayar, ya kama iska. Ya sake lalubawa, ya taɓa gefen mayafina, ya janye da sauri. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, a hankali, amma makirufon da ke hannuna ya kai wa kowa:

"Maman Khalifa, sai dai ki gaya mini abin da ke ciki. Idon ya buɗe, alhamdu lillahi. Ya ga rabonsa, sannan ya rufe."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san hannuna yana sama da waya, na kasa sauke shi, ga makirufo a ɗayan yana ɗaukar numfashina. Jidda ta kalle ni, idonta taf da hawaye, ta ce, "Anti, he can't see." Binta kuwa ba ta kalle ni ba sam. Farantinta take kallo.

Malam ya miƙo hannu ya ce a ba shi makirufon, dama ya roƙi maza a masallaci ranar Juma'a su bari shi zai faɗa da bakinsa (mijina ya sani ke nan, kwana ɗaya cur, ya riƙe, abin da ni ban taɓa iyawa ba). Ya ce tun kafin su tafi likitoci suka gaya masa ciwon idonsa ba ya jin magani, gani zai yi ta raguwa daga gefe har ya ƙare, abin da ya rage masa bai fi shekara ɗaya zuwa biyu ba. Ya ce shekara ashirin yana koya wa ɗalibai gine-ginen da bai taɓa gani ba sai a littafi, ga shi an ce gani ya kori ji, sai ya ce bari ya je ya gani tun da sauran haske, ya kuma ga fuskar 'ya'yansa a wuraren.

"Shafawar da aka gani kuma," in ji shi, "hannuna nake koya wa karatu. Ina kallon abu, sai in rufe ido in shafa, don in idon ya tafi hannun ya riƙe mini. Haka kakana yake gane bangon da ya yi kyau, da tafin hannu. Ban roƙi dutse komai ba. Wanda ya ba ni idon shi na roƙa, shi kuma ya karɓi abinsa."

Ya ce a Japan hasken ya ƙarasa tafiya, a farfajiyar wani gidan bauta na katako. Watanni huɗun ƙarshe da kunne da hannu ya yi su, Jidda tana faɗa masa launi, Faruk yana ƙirga masa matakala, Binta tana ɗauke da jakarta da rabin tasa. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na sulale na shige kicin ɗin Hajiya Rabi, na tsaya gaban tukunyar miyar taushena ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Can sai ga Binta ta shigo da wata 'yar leda a hannu.

Na ce, "Aminiya, don girman Allah, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Na zo gaya miki, Maman Khalifa. Ranar Lahadin nan. Daga asibiti muke a satin, ban gaya wa ko mahaifiyata ba, ke na fara nufa. Na zauna ina jin yadda kike ba da labarin 'yar mutane, har da muryar uwarta. Sai na ga gobe muryata za ki kwaikwaya."

Maman Khalifa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya fi mari zafi.

Ta miƙo mini ledar ta ce tsarabata ce. Mayafi ne shuɗi mai laushi. Ta ce, "Malam ne ya zaɓa a wata kasuwa a Kambodiya. Lokacin shuɗi ne kaɗai launin da yake iya rabewa sosai, ya ce ya tuna kina son shi." Na tambaye ta, da muryar da ni kaina ban gane ba, ko kafin maganar tawa ta je musu ne. Ta ce, "Bayan ta je ne." Ta juya ta fita.

Na je gidansu na ba da haƙuri, ba sau ɗaya ba. Malam ya yafe tun kafin in rufe baki, har yana zolayata. Kwanaki na gamu da shi a tashar bas ta cikin gari da farar sandarsa, zai je jami'a (ya koma koyarwa, an ce ɗalibai har rububin ajinsa suke, yana sa su rufe ido su shafa bulo). Tun kafin in ƙaraso, ina gaisawa da wata, ya ce, "Maman Khalifa ce wannan. Ai ko kunnen ne ya tafi zan ji ki." Na ce ya zo in kai shi. Ya kama gwiwar hannuna, na riƙa faɗa masa inda matakala take, yadda nake yi wa tsofaffina kullum. Muna tafe ina hawaye, ina godiya ga Allah da ba ya gani, sai kuma na ji kunyar wannan godiyar ita ma.

Binta kuwa ta yafe, amma yafiya daban, komawa daban. Muna gaisawa, tana cin masata, in Khalifa ba shi da lafiya tana kira. Sai dai har yau Maman Khalifa nake. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga sunanta, sai na saurara ko tsohon sunan zai fito, bai fito ba tukuna. Mutumin nan ya zaga rabin duniya da idon da ke mutuwa ya ga abin da ya je gani, ni kuwa ina zaune da nawa biyu garau, aminiyata ta zauna a kujerata tana murza makulli, ban ga komai ba.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai da na kai shekara arba'in da 'yan kai na san ba da wasu ake ba, da ni ake. Wannan labarin ma sai da na nemi izinin Malam kafin in rubuta, ya ce in rubuta, amma kada in rage wa kaina komai.

Wata uku da suka wuce, muna wanke kwanuka bayan wani suna, Binta ta matso ta gaya mini wata magana ƙasa-ƙasa, ta ce kada kowa ya ji. Ba wata babba ba ce, ina ma zargin gwada ni take yi. Tana nan a cikina tun ranar, wani lokacin har ƙaiƙayi take mini a maƙogwaro, sai in ɗauko shuɗin mayafin nan in yafa in yi shiru. Mijina bai ji ba. Na san kun matso kuna jira, to ku yi haƙuri, ku ma ba za ku ji ba.